Saƙon Ƙarfe Goma

Asabar, 5 ga Yuli, 1986

Littafin ya fito. Na karɓo shi daga maɗaba'a a Fagge bayan azahar, na ɗaure a bayan keke da roba, ina tafe ina waiwaye kamar na goyo yaro. Laraba Biyu, na Isyaku Panshekara. Matar da suka zana a bango ba ta kama da kowa. Gwara haka.

Labarin Ashafa ne, mai aiki a masaƙa, wanda matarsa Safiyatu ta rasu wajen haihuwa. Wata rana wutar inji ta ja shi ta yar, ya farka ya tarar da kansa shekara goma baya, a ƙofar kamfani, ga Safiyatu da ƙuruciyarta tana sayar da ɗanwake. Ya sake nemanta, ya sake aurenta, yana sane da ranar da ke tafe. Da ranar ta zo, ya kai ta asibiti da wuri, ta rayu.

Shekara biyu ina rubuta shi. Na canja sunaye, ban ambaci masaƙarmu ta Sharaɗa ba, ban ambaci unguwarmu ba. Wa zai gane?

Talata, 8 ga Yuli

Luka, wanda injinsa ke kusa da nawa, ya ɗauki wasu ya baza a kan buhu a ƙofar kamfani lokacin tashi. Ni na kasa tsayawa, na shige wajen mai shayi ina leƙe. Matan sashen ninke yadi ne suka fi saya. Wani direba daga Challawa ya ji ana ba da labarin, ya ce a nuna masa injin da ke mayar da mutum baya, yana so ya koma ranar da aka ɗaura masa aure ya shiga daji. Aka yi ta dariya. Ni ma na yi.

Alhamis, 10 ga Yuli

Na je Zawaciki gidan Inna, mahaifiyar marigayiya matata Ladidi. Mairama ta ƙara tsawo. Shekararta tara yanzu, uku daga ciki a hannun Inna ta yi su, tun rasuwar uwarta. Yaya Tijjani, wan Ladidi, ya sake tabbatar mini, bayan babbar sallah zan ɗauko 'yata. Na riga na shafe ƙaramin ɗaki da farar ƙasa.

Ban ce musu komai a kan littafi ba.

Laraba, 16 ga Yuli

Wata a sashen rini ta aiko a gaya mini ta yi kuka har idonta ya kumbura. Wani kuma ya ce shirme ne, tatsuniyar Turawa ce na sa wa hula. Duk a rana ɗaya.

Juma'a, 18 ga Yuli

Malam Baffa, limamin unguwarmu, ya tsayar da ni bayan an idar da salla. Bai yi mini faɗa a gaban mutane ba, ya ja ni gindin darbejiya. Ya ce an kawo masa littafina, an ce ina koya wa mutane cewa ana iya gyara abin da Allah ya riga ya hukunta. Ya tambaye ni ko na yarda ajalin mutum yana matsawa don an kai shi asibiti da wuri. Na ce a'a, Malam, labari ne kawai. Ya ce to labarin da zai sa bazawara ta zauna tana cewa da an yi kaza da an yi kaza, wa zai ɗauki nauyinsa?

Ya ce zai karanta da kansa, ba ya hukunci da ji.

Litinin, 21 ga Yuli

Luka ya gama karantawa. Muna cin abinci a bayan sito ya ce zai gaya mini gaskiya, ƙarshen bai shige shi ba. Mutum ya koma baya, komai ya daidaita, an yi suna an yanka rago, wannan ko a cocinsu ba a yi musu alƙawarin haka. Amma babi na tara, in ji shi, wannan daban ne.

Sai ya ajiye cokali ya dube ni. "Isyaku, wanda ya rubuta babi na tara ya taɓa tsayawa a wannan ƙofar."

Na ce shinkafar ta yi gishiri. Ya bar maganar.

Talata, 22 ga Yuli

Bari in rubuta shi a nan, tunda a can na laƙaba wa Ashafa.

Ran Laraba ne, cikin 1983, lokacin da ake rage ma'aikata saboda auduga ta yi wuya. Foman, mai kula da sashenmu, ya ce duk wanda ya bar inji kafin jiniyar ƙarfe biyu, kada ya dawo. Ƙarfe goma maigadi ya kira ni. Mamman ne, maƙwabcinmu, mutumin Damagaram, ya zo a keke yana haki. Ya ce Ladidi na naƙuda, jini ya ɓalle, Inna ta ce in zo da mota. Na dubi ƙofa, na dubi foman yana tsaye da takarda a hannu. Na ce wa Mamman, je ka, ina zuwa.

Ban je ba sai da jiniya ta yi.

Da na isa da akori-kura uku ta wuce. A kan hanya ta cika, kanta a cinyata, wajen Ɗan'agundi. Ita da abin da ke cikinta.

Mamman ya gaya wa su Inna cewa masu gadi ne suka hana shi shiga, saƙo bai same ni ba sai biyu. Ban roƙe shi ya faɗi haka ba. Ban kuma ƙaryata shi ba. Shekarar ba ta ƙare ba ya koma ƙasarsu, na ɗauka maganar ta tafi da shi.

Duk wannan yana babi na tara. Har keken. Har ƙarfe goman. Me ya hau kaina?

Asabar, 26 ga Yuli

Wata mata ta jira ni a ƙofar kamfani. Ta ce sunanta Rut, daga Challawa take, mijinta ya faɗa ramin jima a kamfanin fata bara, kafin a ciro shi iskar ramin ta kashe shi. Littafin na hannunta, ya yi laushi da juyawa. Na ɗauka yabo ta kawo.

Ta ce ranar da abin ya faru da safe sun yi cacar baki a kan kananzir, ya fita ba ta amsa sallamarsa ba. Ta ce ta samu shekara guda tana lallaɓa zuciyarta, ta fara kwanciya, sai ga littafina. Yanzu kullum tana tsaye a wannan safiyar tana shirya abin da za ta ce masa. Ta tambaye ni ko na san abin da na yi wa mutane.

Na ba ta haƙuri, na ce ta kawo in karɓa. Ta ƙanƙame shi. Ta ce a'a, ba ta ce za ta rabu da shi ba.

Laraba, 30 ga Yuli

Zuwaira, matar Yaya Tijjani, ta sayi littafin a wajen wani mai tebur. Yau na ji. Wai tana karanta wa matan gidan bayan la'asar, babi ɗaya kullum, har maƙwabta na shigowa da tabarmi. Inna na zama.

Babi ɗaya kullum. Ban san na nawa suke ba.

Alhamis, 31 ga Yuli

Na hau keke zan je Zawaciki in karɓe shi da wata dabara. Na kai kwanar gidan na juyo. In ce me?

Litinin, 4 ga Agusta

Yaya Tijjani ya zo. Bai je gida ba, nan ƙofar kamfani ya tsaya, daidai wajen da Mamman ya jingine keke. Ko ya sani ne, ko tsautsayi ne, oho.

Bai ɗaga murya ba. Ya ce tun daga ɗanwake mata suka fara kallon juna. Da aka zo wajen tabon ƙuna a hannun Safiyatu, Inna ta ce a ci gaba. Da aka zo babi na tara ta tashi ta shiga ɗaki, yau kwana biyu ba ta ci abin kirki ba.

"Ƙarfe nawa Mamman ya same ka?"

Na ce Yaya, ƙagaggen labari ne, marubuci yana ƙara gishiri.

"To. Mu je masallacin can ka faɗa mini haka."

Na tsaya. Ya jira ni, ya daɗe yana jira, mutane na wucewa suna gaishe mu. Daga baya ya ce ya ji amsa. Ya ce maganar Mairama a bar ta tukuna, ba za su ba da yarinya ga mutumin da ya kalle su shekara uku yana cin tuwonsu da ƙarya a baki ba, sannan ya kai sirrin ƙanwarsa kasuwa.

Ya hau babur ɗinsa ya tafi.

Talata, 5 ga Agusta

Ban je aiki ba.

Alhamis, 7 ga Agusta

Na zaga duk inda na ajiye littafin ina tattarawa. Sharaɗa, Challawa, har Bompai a keke cikin ruwa. Na samu kaɗan. Mai teburin Bompai ya ce sun ƙare tun makon jiya, 'yan kamfanin alewa ne suka kwashe, suna tambayar na biyu. Ya ce wani malamin makaranta kuma ya ƙwace a hannun ɗalibansa ya yayyaga a gabansu. Yana ba ni labari yana murna, wai wannan shi ne alamar littafi ya karɓu.

Na dawo da waɗanda na samu na tura ƙarƙashin gado. Amfanin me? Wanda nake gudun ya ji ya riga ya ji.

Asabar, 9 ga Agusta

Zare ya tsinke ban gani ba, inji ya yi ta saƙa da rami har yadi mai yawa ya lalace. Foman ya ba ni takardar gargaɗi. Shi ne dai foman ɗin nan na da. Ya yi furfura yanzu, yana tari. Na dube shi ina neman in ji haushinsa, ko in samu wanda zan raba kayan da shi. Ban ji ba. Shi bai san an aiko ba ma.

Aikin da na tsaya dominsa. Ga shi nan, ina ɓata shi da hannuna.

Talata, 12 ga Agusta

Na tsaya gaban akwatin wuta na sashenmu, murfinsa a buɗe. Ba wai zan taɓa ba. Kallo kawai nake. Ina tunanin a littafi nan ne hanya.

Luka ya zo ya rufe murfin, ya riƙe hannuna ya fitar da ni waje. Bai tambaye ni komai ba. Da aka tashi ya raka ni har Panshekara yana tura kekensa, alhali gidansa ba nan ba ne. Ya ce gobe zai biyo mini mu tafi tare, in ban fito ba, zai zauna a ƙofa har in fito.

Astagfirullah. Astagfirullah.

Asabar, 16 ga Agusta

Sallah. Na kai wa Mairama atamfa da takalmi. Yaya Tijjani ya karɓa a zaure, ya ce an gode, bai ce in shiga ba. Na ji muryarta a ciki tana tambaya ko Babanta ne. Wata ta ce mata wani baƙo ne.

Na dawo na zauna a ɗakin da na shafe. Farar ƙasar ta fara ɓarewa ta wajen taga, ruwa na shiga.

Laraba, 20 ga Agusta

Wasiƙu biyu ta hannun maɗaba'a. Ɗaya daga wata a Gwammaja, ta ce Allah ya ba kowace mace miji irin Ashafa. Ɗaya babu suna, ya ce in tuba.

Ta farkon ce ta fi yi mini ciwo.

Juma'a, 22 ga Agusta

Malam Baffa ya aiko in same shi bayan la'asar. Littafin na kan buzunsa, ya sa tsinke a tsakiya. Ya ce ya karanta, har yanzu bai yarda da maganar komawa baya ba, kuma da na shawarce shi da ya hana ni. Amma ya ce shi ya yi wa Ladidi salla, ya tuna ranar, ya tuna fuskata.

Na fashe da kuka a gabansa kamar yaro. Na gaya masa duka.

Ya bar ni na gama. Ya ce ajalinta ba a hannuna yake ba, ko na je goma ko na je biyu, wannan ilimin Allah ne, in daina shiga. Abin da ke hannuna shi ne zaman da na yi da ƙaryar da na bari ta tsaya. Ya ce na gaya wa duk Kano gaskiya da sunan wani, ita kuwa tsohuwar da ta fi kowa haƙƙi sai ta tsinta a bakin surukarta, a gaban maƙwabta. Ya ce in je in faɗa mata da bakina. Kada in tafi da niyyar karɓo yarinya, in tafi da niyyar faɗa kawai.

Na ce in ta tsine mini fa? Ya ce sai in ɗauka.

Lahadi, 24 ga Agusta

Na kai ƙofar gidan na dawo.

Lahadi, 31 ga Agusta

Na je da hantsi. Yaya Tijjani ya ce Inna ba ta ganin kowa. Na ce zan zauna. Na zauna a dakalin waje har rana ta take, yayyafi ya sauko ya ɗauke. Sai Zuwaira ta leƙo ta ce in shigo.

Inna na bakin gado, ta rame. Na durƙusa daga ƙofa. Ban yi doguwar gaisuwa ba don kada in kasa. Na ce Inna, Mamman ya same ni ƙarfe goma. Na ce masa ina zuwa. Na ji tsoron a kore ni daga aiki, na zauna har biyu. Abin da ya gaya muku ba haka ba ne, ni kuma na yi shiru. Ban zo neman komai ba.

Ina jin kaji a tsakar gida. Inna ta ce wa Yaya Tijjani ya ba mu wuri, ya fita ba da son ransa ba.

Sannan ta ce tun asuba Ladidi ta fara. Tun asuba ta ce Inna a kai ni asibiti, wannan ba irin na Mairama ba ne. Ita kuma ta ce mata ta yi haƙuri, ita ta haifi bakwai a ɗaki, a jira ungozoma. Ungozoma ta je wani ƙauye. Aka jira. Sai da ta ga jini ya jiƙa tabarma sannan ta tura Mamman.

"Awa huɗu naka," in ji ta. "Nawa ma huɗu ne. Ba wanda ya sani sai ni da ita."

Na ce Inna ku yi haƙuri, kamar wawa.

Ta ce da Zuwaira ta zo babin nan, ba fushina ne ya tashe ta ba. Fushin daga baya ya zo, kuma yana nan, kada in ɗauka ya tafi. Abin da ya tashe ta shi ne ta ga ni na samu inda na zuba nawa, har na koma na gyara a takarda. Ita ba ta iya rubutu ba. Ta ce ta sa Zuwaira ta karanta mata ƙarshen ita kaɗai, wajen da aka fito da Safiyatu daga asibiti da jariri. Sau uku. Ta ce ta san ƙarya ne, amma ta ga 'yarta ta sauko daga mota da ƙafarta.

Ta goge ido da bakin zane ta ce in tashi in tafi, ta gaji.

Ban ga Mairama ba. Ban tambaya ba.

Laraba, 3 ga Satumba

Shiru daga Zawaciki. Mai maɗaba'a ya aiko yana so a sake bugawa. Na ce ya dakata. Luka ya ce in zan sake, in bar babi na tara yadda yake in gyara ƙarshen. Rut kuma, da ya haɗu da ita a motar Challawa, ta ce a gaya mini kada in kuskura in taɓa ƙarshen. To.

Na toshe wajen tagar nan da siminti.

Asabar, 13 ga Satumba

Jiya bayan Juma'a Zuwaira ta kawo Mairama. Ta ce Inna ta ce ta kwana ɗaya, a dawo da ita yau kafin magariba. Kwana ɗaya ne, ta nanata, kada in sa rai. Yaya Tijjani bai sani ba sai da suka fito.

Yarinyar ta shiga ɗakin ta duba ko'ina. Na sayo mata tsire, ta ci kaɗan. Da safe muna shan koko ta ce ta ji duk littafin, tana bayan ƙofa lokacin da ake karantawa. Na jira tambayar.

Sai ta ce wai da gaske Ummanta ba ta taɓa yin fushi ba, kamar Safiyatu?

Na ce wa ya gaya miki. Na ce uwarki in ta hau, har maƙwabta sai sun yi shiru. Na ba ta labarin ranar da Ladidi ta bi mai manja har bakin titi da ludayi saboda ya cuce ta a awo, da yadda ba ta iya ɗinki ba ko kaɗan, ta taɓa ɗinke mini aljihun wando gaba ɗaya na je aiki ina neman inda zan sa katin aiki. Mairama ta yi dariya har koko ya fito mata ta hanci. Ta ce in ƙara. Na ƙara. Ban san na riƙe waɗannan ba, ko ɗaya ban sa a littafi ba. Sai da aka kira azahar na lura tun safe nake magana.

Ba ta tambayi ƙarfe goma ba. Wata rana za ta tambaya. Zan faɗa mata.

Zuwaira ta zo da la'asar. Sun kai ƙofa na ga mayafin Mairama a kan igiya, na ɗauko na bi su na ce ta yi mantuwa.

Mairama ta ce ba mantuwa ta yi ba.